Mu Auna Motarmu Kafin A Auna Mana Ita

A wannan fitowa mun ajiye zancen farashin kasuwa gefe guda, don mu ɗauko wata magana da ta yi ta zuwa gaban kwamitin sasanci na ƙungiya, har ta fara ɓata zumunci tsakanin mutanen da suka shekara ashirin suna ci a akushi ɗaya. Maganar ita ce ta sikelin motoci da ke kan manyan hanyoyi, da allunan nan na bakin gada masu jan zobe da lamba a tsakiya, waɗanda yawancinmu ke wucewa ba mu ko ɗaga kai.

Ga irin ƙarar da ake kawo mana. Wani ɗan'uwanmu ya yi lodin bijimai da yamma, ya biya rabin kuɗin mota, ya ɗora yaransa biyu, shi kuma ya bi ƙaramar mota zai tarye su a kudu. Cikin dare direba ya tsaya a wani gari ya jera buhunan wake a saman katako, wai na kashewarsa ke nan. Da gari ya waye aka hau sikeli, nauyi ya zarce. Aka ce sai an biya tara, kuma sai an sauke abin da ya ƙaru kafin mota ta motsa. Mai mota yana can gida wayarsa a kashe, direba ya ce shi ko dala ba shi da ita. Shanu na tsaye cikin ƙarfe, rana ta take, ba ruwa. Kafin la'asar biyu sun kwanta, ɗaya sai da aka sa masa wuƙa aka ba mahautan wurin a kan abin da suka ga dama. To wa ya biya tarar? Mai shanu ne, mutumin da bai ɗora ko ƙwayar wake ɗaya ba. Ya biya ne don shi kaɗai ne kayansa ke numfashi.

Inda dokar ta samo asali

Dokar nauyi ba yau aka fara ta ba. Tun a 1982, a Kwatano, ƙasashen CEDEAO, wato ECOWAS, suka sa hannu kan yarjejeniyar sufurin mota tsakaninsu, aka ce kada aksul ɗaya ya ɗauki fiye da tan 11 da rabi. Aksul shi ne sandar ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyin dama da na hagu. Mota mai taya goma tana da aksul uku, ɗaya gaba biyu baya. An rubuta, an ajiye, ba wanda ya kula. Sai a watan Disamba na 2005, a Bamako, ƙasashe takwas na ƙungiyar UEMOA masu amfani da sefa, cikinsu har da Nijar da Benin da Togo da Burkina Faso da Mali da Kwaddebuwa, suka fitar da ƙa'ida mai lamba 14. Ita ce ma'aikatan awo ke ambata idan sun tsayar da kai. A 2012 CEDEAO ta yi tata mai kama da ita don ta haɗa da Najeriya da Gana, kuma a 2018 Najeriya ta fitar da nata ƙa'idojin a kan wannan tushe.

Akwai masu cewa ai tun da Nijar da Burkina da Mali sun fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, zancen awo ya mutu. Ba haka ba ne. Ficewar ba ta shafi UEMOA ba, kuma ƙa'ida ta 14 ta UEMOA ce.

Ga abin da ta tanada, kuma muna roƙon kowane shugaban reshe ya kwafe waɗannan lambobi ya manna a bangon ofis. Aksul na gaba, tan 6. Aksul guda na baya mai tayoyi bibbiyu, tan 12. In tayoyin ɗai-ɗai ne, tan 11 da rabi. Aksul biyu a jere, iyakarsu tan 20. Uku a jere, tan 25, kuma wannan sai in tazarar da ke tsakaninsu ta kai, in sun matsu da juna abin ya ragu. A jimla, gingimari mai aksul biyu tan 18, mai uku tan 26. Tirela mai aksul huɗu tan 38. Mai biyar tan 43 in ukun suna bayan tirela, tan 46 in biyu-biyu ne. Mai shida tan 51, kuma daga nan ko ka ƙara aksul nawa ba a ƙara maka komai. Duk wannan har da nauyin motar kanta ake lissafi. Tsayi daga ƙasa zuwa ƙolin kaya mita 4, faɗi mita 2 da santimita 55.

Tara kuwa, sefa 20,000 ce kan kowane tan da ya ƙaru in sufurin cikin ƙasa ne. In kaya za su tsallaka iyaka, irin namu ke nan, jika 60 kan kowane tan. An bar sassaucin kashi 5 cikin 100 saboda sikeli kan yi kuskure. Biyan tara ba ya buɗe hanya: sai an sauke abin da ya ƙaru ko an gyara zaman kayan, kuma a rubuce kuɗin saukewa da ajiya da sake lodi duk na wuyan mai tafiyar da motar ne. An yi ta ɗage cikakken aiki da wannan ƙa'ida, ana ba da rangwame mataki-mataki, shi ya sa wasu suka saki jiki. Amma waɗanda suka bi hanyar Makalondi a 2009, lokacin da Nijar ta tsananta awo, ba su manta da jerin motocin da suka maƙale a can ba.

Masu bin gabas su sani lissafin ya bambanta. A Kamaru da Cadi, ƙarƙashin dokar hanya ta ƙasashen CEMAC, aksul guda tan 13 ne, biyu tan 21, uku tan 27, amma jimlar mota ba ta wuce tan 50. Ka ga motar da ta wuce lafiya a Garwa tana iya faɗa wa tarko in ta shigo yamma.

Abin da ya sa ake ƙirga aksul

Direbobi kan ce, mota ta ɗauka, inji ya ja, to ina ruwan gwamnati? Ruwan gwamnati shi ne kwalta. Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi a jihar Ilinoi ta Amurka suka gina hanyoyin gwaji, suka yi ta zagaya su da motoci masu nauyi iri-iri kusan shekara biyu, suna auna yadda hanya ke lalacewa. Abin da suka gano ya ba kowa mamaki. In ka ninka nauyin aksul sau biyu, ɓarnar da yake wa hanya tana ninkawa wajen sau 16. Aksul mai tan 15 a maimakon 12 yana cin hanya kusan ninki biyu da rabi. Mai tan 18, ninki biyar. Da wannan lissafi ake gina hanyoyi har yau. Hanyar da aka gina don ta shekara goma sha biyar sai ta mutu tun ba ta yi rabi ba.

Mu kuma mun san abin da mutuwar hanya ke nufi fiye da mai siminti. Buhun siminti bai san rami ba. Sa kuwa kowane rami sai ya ji a gwiwarsa, kowane birki sai ƙahon maƙwabcinsa ya same shi. Tafiyar kwana biyu ta koma kwana huɗu. Masana kiwon dabbobi sun auna cewa sa kan rasa kashi 5 cikin 100 na nauyinsa, ko fiye, a kwana ɗaya na tafiya ba ci ba sha. Galibi ruwa ne da abin cikin tumbi, amma mahauci a Legas ko Kumasi da ido yake saye, in ya ga ciki ya zuba sai ya karya kuɗi. A mota mai bijimai 36 masu kilo 420, wannan ya haura kilo 750, kusan bijimai biyu ke nan suka narke a hanya ba tare da an yanka ko ɗaya ba.

Mu yi lissafin motar shanu

Yanzu ga abin da ya sa muka ce a karanta wannan shafi da biro a hannu. Shanu kaɗai da wuya su cika sikeli. Wuri ke ƙare wa motar shanu tun kafin nauyi ya kai. Ɗauki bijiman nan 36, a ce kowane kilo 420, irin manyan Azawak ko Bororo masu jiki: jimla tan 15 da 'yan kai. A ce motar da babu kaya tan 19 ce. An tashi tan 34. A tirela mai iyakar tan 43, saura tan 9 a hannu. To daga ina ƙarin ke fitowa?

Na farko yashi. Ba wanda ke lissafa shi don kyauta ake ɗiba. Ƙasan tirela ya kai murabba'in mita 30. In aka zuba yashi kaurin santimita 10, wato faɗin tafin hannu, ya haura tan 4 da rabi tun yana busasshe. Bari fitsari da kashi su jiƙa shi, ko ruwan sama ya same ku a hanya, sai ya ƙara. Wasu direbobin ma ba sa kwashe na tafiyar baya, sai su zuba sabo a kai. Da yashi mun kai tan 38 da rabi. In tirelar mai aksul huɗu ce, ka riga ka taka iyaka ba ka ɗora komai ba bayan shanunka. Ba mu ce a daina zuba yashi ba, don shi ke hana santsi, kuma sa in ya zame ya faɗi cikin 'yan'uwansa sai an yi da gaske zai tashi. Amma siririn yashi da ciyawa ko ƙaiƙayi a kai yana yin aikin, kuma a kwashe tsoho kafin kowane lodi.

Na biyu bodin motar. Yawancin tirelolin da muke haya tsofaffi ne daga Turai, an kai su wurin mai walda an ƙara wa shasi ƙarfe, an ƙara ganyen sifirin, an ɗaga bango, an yi mata tankin mai na biyu. Mai mota yana alfahari wai ya ƙarfafa ta. Nauyin da ke rubuce a takardar motar na lokacin da ta fito daga kamfani ne, yanzu ta fi haka da tan biyu ko uku, kuma sikeli bai karanta takarda. Kowane kilo na ƙarfen nan daga rabon kayanka aka cire shi.

Na uku shi ne kayan saman katako. Buhu 60 na wake masu kilo 100 tan 6 ne cif. Ƙara duro biyu na ruwa da mutum goma da kayansu, tan ɗaya ya sake hawa. Yanzu mun haura tan 45 da rabi a motar da iyakarta 43, har sassaucin kashi biyar ɗin mun cinye. Ko tan 2 kawai aka lissafa maka, jika 120 ke nan, ban da kuɗin 'yan dako da yinin da aka ɓata. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, sai dai a nan wani ke kwaɗayin wani ke shan wahalar. Zancen ɗora fasinja a kan motar dabbobi kuwa, hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta daɗe tana yaƙi da shi, kuma duk wanda ya taɓa zuwa wurin da irin wannan mota ta kife ba zai nemi a yi masa dogon bayani ba.

Akwai kuma abin da ke kama ko mai gaskiya. Jimla tana iya zama daidai amma aksul ɗaya ya zarce. 'Yan lodi sun saba fara tura manyan bijimai, su ne ke ƙarewa can gaba, a kan aksul ɗin da ke jan mota, mai iyakar tan 12 kacal, ƙananan kuma su rage a baya inda ake da tan 25. A cakuɗa manya da matsakaita, a ɗaure shinge biyu ko uku a tsakani don kada garken ya zubo gaba in an taka birki ko an gangara. Lokacin Layya kuma, masu yi wa raguna bene biyu ko uku su tuna da mita huɗun nan. Raguna ba su da nauyi, amma tsayin kaya shi ke kifar da mota a kwana, kuma ana cin tararsa daban.

Gada ba ta yin gargaɗi sau biyu

Hanya in ta gaji rami take yi, a lallaɓa a wuce. Gada lissafinta daban: duk abin da ke kanta a lokaci ɗaya take ɗauka. Allo mai jan zobe da aka rubuta 10t ko 25t a ciki yana nufin jimlar mota da kayanta. In an zana aksul a ƙarƙashin lambar, nauyin aksul ɗaya ake nufi. In lambar tana tsakanin kibiya ta sama da ta ƙasa, tsayi ne.

'Yan'uwanmu na Gana sun ga misali da idonsu. Gadar Adomi da ke kan kogin Volta, wadda aka buɗe a 1957, an gano tsagewa a ƙarafunanta a 2008, aka rage nauyin da aka yarda ya hau ta. Daga Maris 2014 zuwa Disamba 2015 aka rufe ta ɗungurungum don gyara, motoci suka koma layin jirgin fito a Senchi. A ƙarshen 2017 kuma aka rufe gadojin Buipe da Yapei na wasu makonni, su ne kuwa ƙofar duk shanun da ke gangarowa daga Paga da Tamale zuwa Kumasi. Mu ma a 2023, da aka rufe gadar Gaya da Malanville, ko da yake wannan siyasa ce ta jawo, mun ɗanɗana abin da rashin gada ɗaya ke yi wa fatauci.

Amma manyan gadoji suna da injiniyoyi masu duba su. Waɗanda suka fi ba mu tsoro su ne ƙananan gadoji da kwalbatocin hanyoyin kasuwannin daji, waɗanda aka gina don amalanke da ƙananan motoci, yawancinsu ko allo babu. Da can shanu da ƙafa suke zuwa bakin kwalta kafin a yi lodi. Yanzu saboda tsoron ɓarayi kowa so yake tirela ta shiga har cikin kara. Saboda tsaro ɗin dai muke tafiya a ayari, hancin wannan a gindin wancan, sai ka ga tirela uku a kan gadar da aka gina don ɗaya. A gada mai shakka, ɗaya ta hau ta sauka kafin ta biyu ta taso, a hankali, ba birki ba canjin giya a tsakiya. In aka yi ruwa da dare, yaron mota ya sauka ya leƙa gindin kwalbati, don ruwa ta ƙasa yake cinye ƙasar ya bar saman kamar lafiya. Shingen ruwan sama da ake sawa a hanyoyin jar ƙasa a Kamaru da wasu wurare, mun san yana ɓata rai in kana ɗauke da rai, amma jar ƙasa in ta jiƙe ko rabin ƙarfinta ba ta da shi. Masu kora da ƙafa su ma kada su ce ba ruwansu: shanu 100 masu kilo 350 tan 35 ne, in suka cunkushe a kan gadar katako tirela ce guda. A raba su kashi-kashi.

Tarakta ma mota ce

Da yawa daga cikinmu sun sa jari a noma da kiwon turke, sun sayi tarakta. Da rani ita ke jigilar harawa da kara da ruwa. Harawa ba ta da nauyi, sai dai faɗi da tsayi. Ruwa kuwa lita 1,000 tan ɗaya ne. Tankin lita 10,000 a kan tirelar tarakta mai aksul ɗaya da taya biyu, in ka haɗa da nauyin ƙarfen tankin, ya kusa iyakar da aka yanka wa babbar mota, ga shi kwalbatin ƙauye zai taka. Yawancin irin waɗannan tireloli ba su da birki nasu, kuma in tankin bai cika ba ruwan kan yi ta dukan gaba da baya, ya tura tarakta a gangaren gada. Taki da siminti haka: buhu 100 masu kilo 50 tan 5 ne. In kwalbatin ya rufta, dagaci ya san taraktar wa ce, kuma hanyar kasuwar da kake sayen shanu ce ka yanke.

Garmar faifai da ta fi mita 2 da santimita 55 faɗi, da injin girbin shinkafa da ake ɗorawa a kan tirela mai gajeren gindi, waɗannan sun shiga sahun kayan da sai da izini na musamman ake fita da su kan babbar hanya. A nemi takardar tun kafin a tashi. Injin mai ƙafar sarƙa kada a taka kwalta da shi ko na taku goma.

Abin da kwamiti ke ba da shawara

A kan ƙarar da muka fara da ita, kwamiti ya sa mai mota ya mayar wa ɗan'uwanmu kuɗin tarar, amma san da aka yanka sai haƙuri aka ba shi, don babu takarda, babu shaidar cewa an hana direba ƙarin kaya. Saboda haka daga yanzu muna so duk hayar mota ta bi ta hannun sakataren reshe, a rubuta a gaban shaidu biyu: adadin shanu, adadin aksul na motar, cewa ba za a ƙara buhu ko fasinja ba sai da yardar mai shanu, kuma in an ci tara saboda bodi ko kayan direba, a cire ta daga cikon kuɗin mota, haka ma dabbar da ta mutu a wurin jira. Kada a biya kuɗin mota duka a gaba, Alhaji, ko da kai da mai motar uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Masu motocin da ke aiki da mu a kai a kai, muna roƙon su kai kowace mota sikeli ba kaya, tanki cike, su kawo mana takardar awon mu ajiye. Kuɗin awo ɗaya bai kai farashin ƙafar sa ba, kuma da wannan lamba ɗaya kowane falke zai iya yin lissafin da muka yi a sama tun yana cikin kara. Yaran da ke rakiya a ba su kuɗin ruwa daban. Babban sa da zafi yana shan lita 30 zuwa 40 a yini, kuma a wurin awo ruwa tsada gare shi.

Ga hukumomi kuma muna da buƙata, kuma za mu kai ta a rubuce. Motar da ke ɗauke da rai bai kamata ta bi layi ɗaya da motar siminti da ƙarfe ba. A auna ta da zarar ta iso. In akwai laifi a rubuta, a riƙe takardun mota, a bar dabbobi su isa inda za a iya sauke su, don galibin wuraren awo ba su da turken saukewa, ba shinge, ba rijiya. Amma baki kawai ba ya cin shari'a. Duk wanda aka tsayar a sikeli daga yau, ya karɓi rasit da takardar da injin ya buga mai nuna nauyin kowane aksul, ya rubuta sunan wurin da ƙarfe nawa ya iso da ƙarfe nawa aka sake shi da abin da ya rasa, ya miƙa wa sakataren reshensa kafin taron ƙarshen wata.